Kafin a biya kuɗin leza, a auna kaurin ido

Tambaya: Shekarata 26, lambar tabarauna -8. Na tara kuɗin aikin leza don in huta da gilashi, sai likita ya ce fatar idona ta cika siriri, wai 480. Yayana an yi masa lafiya lau. Don ni mace ce? In nemi wani asibitin?

Amsa: 'Yar uwa, abin da aka auna shi ne ɓawon nan mai garai-garai da ya lulluɓe baƙin ido, wanda likitoci ke kira koniya. Da maikiron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma na yawancin mutane bai yi nisa da 540 ba. Mu baƙar fata namu yakan ɗan gaza haka. Tsakanin mace da namiji bambancin bai taka kara ya karya ba, don haka ki cire wannan daga ranki.

Matsalar tana ga lambarki. Leza kankare ɓawon take yi, kuma kowace lamba ɗaya tana cin maikiron 12 zuwa 15. Taki takwas ce, kin ga za a ci 96 zuwa 120. A aikin LASIK, wani nau'in aikin leza, ana fara ɗaga wani murfi daga saman ɓawon mai kaurin kusan 110. Ki cire duka biyun daga 480, abin da ya rage tsakanin 250 da 274 ne, alhali 250 ne iyakar da ba a ƙetarewa, likitoci da yawa ma 300 suke so su bari. In ya yi siriri fiye da kima sai ya fara bultsowa gaba, gani ya lalace yadda tabarau ba ya iya gyarawa. Mai yiwuwa yayanki lambarsa ƙarama ce.

Ba laifi ki ji ta bakin likita na biyu, amma ki guji wanda zai ce "ba komai" bai ɗauki taswirar idon ba. Ki tambaye shi batun PRK, aikin leza wanda ba a ɗaga murfi, da kuma gilashin da ake dasawa cikin ido, ko da yake shi ya fi tsada. In kina saka gilashin liƙawa a ƙwayar ido, ki cire shi mako biyu kafin awo. Mai juna biyu kuwa ta jira sai ta sauka ta yaye. Sannan ki daina murza ido, ko ƙurar hunturu ta dame ki.

Tambaya: Na ba hamsin baya. A shagon tabarau an ce bugun idona, wato matsin ruwan cikinsa, daidai yake, 18. Mahaifina hawan jinin ido ne ya makantar da shi. Asibiti sun ce in biya kuɗin awon kauri. Ba cin kuɗi ba ne?

Amsa: Malam, biya. Na'urar awon bugun ido tana danna ɓawon ne, in siriri ne sai ta nuna lamba ƙasa da gaskiya, 18 ɗin nan ta yiwu ta fi haka. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna siririn ɓawo yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar, ga kuma gado, ga shekaru. Awon kaurin minti kaɗan ne, ba zafi, kuma galibi sau ɗaya ya isa. Ka je asibitin ido na sosai, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, a duba jijiyar idon a rana ɗaya, ka kuma tafi da ƙannenka.