Amsa: Me ya kai Amurka cikin shari'ar jami'an FIFA?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Amurka ce ta gurfanar da jami'an FIFA bisa zargin cin hanci a 2015, alhali hedikwatar hukumar tana Zurich ta ƙasar Suwizalan. Dalilin shi ne hanyar da kuɗin suka bi. Masu gabatar da ƙara sun ce cin hancin, wanda ya haura dala miliyan 150, ya ratsa ta bankunan Amurka, wannan kuma ya bai wa kotunan ƙasar hurumi. Da asubahin 27 ga Mayu, 'yan sandan Suwizalan suka shiga otal ɗin Baur au Lac da ke Zurich suka yi awon gaba da jami'ai bakwai, har ma'aikatan otal suna kare fuskokinsu da zanen gado.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, asirin daga cikin gida ya tonu, domin Chuck Blazer, tsohon babban sakataren CONCACAF (hukumar ƙwallon ƙafa ta Arewacin Amurka da Amurka ta Tsakiya da Karibiyan), ya riƙa naɗar muryoyin abokan aikinsa a ɓoye, daga baya kuma ya amsa laifinsa. Kafin nan ma, 'yan jaridar Sunday Times ne suka ɗana tarkon da ya jawo wa Amos Adamu, ɗan Najeriya da ke cikin kwamitin zartarwa na FIFA a lokacin, dakatarwar shekara uku a 2010.

A 2016 FIFA ta taƙaita wa'adin shugabanta zuwa shekara 12, ta kuma fara bayyana albashinsa. Gyara ne mai kyau, amma a ganina bai kai ba, tunda shugaban da ke raba wa ƙasashe kuɗin raya ƙwallo shi ne kuma yake komawa neman ƙuri'unsu.