Ƙwan LED a tsohuwar Peugeot 504

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 haɗin Kaduna, fitilunta sun dusashe. Na sa mata ƙwan LED, amma masu tahowa sai haska ni suke, kuma hanyar ba ta fito ba. Mene ne laifin? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Madubin da ke cikin fitilar an ƙera shi ne domin zaren ƙwan asali, wanda ke zaune a wuri guda. Idan ƙwayoyin LED, wato 'yan ɗigon da ke ba da haske, ba su faɗa daidai wurin ba, haske zai watse sama, ya shiga idon mutane. Nemi ƙwai mai siririn allo, a juya shi ƙwayoyin su kalli hagu da dama. Duba gindinsa kuma: nau'in H4 ne ko tsohon nau'in R2, don ba sa shiga ramin juna sai da mahaɗi.

Kafin komai a kankare tsatsar wayar da aka ɗaure a jikin mota. Ita ke rage haske sau da yawa. Madubin da ya yi baƙi kuwa, ko wane ƙwai aka sa, aikin banza ne.

Daga nan a tsayar da motar mita 10 daga bango da dare, a saita ƙaramin haske ya sauka santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar. Zaɓi ƙwai mai 4300K zuwa 5000K, wato ma'aunin launin haske, domin fari fat mai shuɗi-shuɗi yana dawowa ido cikin hazon hunturu. Murfin roba kada ya toshe fankar ƙwan, zafi zai kashe shi.