Tirelar jirgina tana kaɗa wutsiya a kan hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da jirgin ruwa na faiba mai injin Yamaha 40, ina jansa da Hilux a kan ƙaramar tirela daga Yauri zuwa Warra. Da na kai gudun kilomita 70 sai tirelar ta fara lilo, balle idan tanka ta wuce ni. An canja mini sifirin, abin bai daina ba. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Yauri.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ina kyautata zaton sifirin ba shi da laifi, nauyi ne ya taru a baya. Injinka kaɗai ya haura kilo 70, kuma yana rataye can bayan tayoyi. Idan kana jera jarkokin fetur kusa da shi, yadda masu jirgi suka saba, jarka huɗu masu lita 25 sun ƙara wani kilo 70 da ɗoriya. Sai gaban tirelar ya yi sakayau, iskar tanka kaɗan ta isa ta sa shi rawa.

Ga yadda za ka gane. Cire tirelar daga mota da kayanta duka, ka ɗora bakinta da ake maƙalawa a jikin mota a kan sikelin masu awon hatsi, ka tokare shi da katako ya kai tsayin da yake zama a jikin mota. Tirelar jirgi ana so bakinta ya ɗauki kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dukkan nauyin. Idan jirgi da inji da tirela kilo 700 ne, sikeli ya nuna tsakanin 35 da 70. In ka ga kana ɗaga bakin da hannu ɗaya ba wahala, ka kama ɓarawon.

Fara da mayar da jarkoki da anka da komar kifi gaban tayoyi, ka ɗaure su. In bai isa ba, a matsar da ƙarfen da hancin jirgi ke jingina a kai zuwa gaba kaɗan, ko bakanike ya kwance notocin aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin biyu, ya ja shi baya. Kaɗan-kaɗan ake yi, ana sake awo. Bayan ya ɗaure, sa igiya ka auna daga bakin tirela zuwa kowane gefen aksil. Tsawon biyun dole ya zo ɗaya.

Sauran kuwa aikin ruwa ne. Tirelar da ake tsomawa a tafkin Kainji tsatsa na cin sifirin da notocinta, ruwa kuma na shiga boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kai, idan an tsoma ta da zafinta. Ka bar ta ta huce kafin ka sauke jirgi. Ɗaga taya da jak ka girgiza ta. In tana wasa, a duba boris a sa giris. Iskar tayoyin biyu ta zama daidai, a auna da safe kafin tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da lilon ya taso kana cikin gudu. Na taɓa ganin tirela ta juya motar da ke janta saboda direba ya taka birki da ƙarfi. Don Allah kada ka yi haka, kada kuma ka yi kokawa da sitiyari. Riƙe shi sak, ka ɗaga ƙafa daga totur, gudun ya ragu da kansa, sannan ka sauka gefe. Kafin ka yi awon nan, kada ka wuce 50.