Muryar amsa: barin R CMD check yana aiki a bayan fage

Salamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena na ATBU, na saurari tambayarka. Ka ce in ka kira devtools::check(), umarnin da ke kunna R CMD check don binciken kurakuran fakitin R (package), a RStudio sai allon umarni ya riƙe, ba ka iya taɓa komai sai ya gama. To, ga yadda za ka yi.

Fara da R CMD build tukuna. Zai ɗaure maka fakitin cikin fayil ɗaya mai ƙarewa da tar.gz, shi za ka miƙa wa R CMD check, ba foldar da kake aiki a ciki ba. Wannan ɗaurin kwafi ne da ba ya motsi, ko ka gyara layi ɗari ana tsakar bincike ba zai shafi sakamakon ba.

A Linux ko Mac, ka buɗe tagar terminal ka rubuta: nohup R CMD check --as-cran --no-manual sunanfakiti_0.1.0.tar.gz > bincike.log 2>&1 &

Alamar & ta ƙarshe ita ke tura aikin baya, nohup kuma ya hana shi mutuwa in ka rufe tagar. Kana son leƙawa, tail -f bincike.log. Masu Windows, ku sa umarnin rcmdcheck, wanda ke kunna R CMD check daga cikin R, a ƙaramin fayil, ku kunna shi ta Background Jobs na RStudio.

Yanzu inda ake tuntuɓe, don Allah a kula. nohup ba ya hana kwamfuta barci. Wuta ta ɗauke, ka rufe murfin laftof don tattalin batir, aikin ya tsaya cak. Sannan a bayan fage ba wanda zai amsa tambaya, don haka duk misalin da ke jiran readline() ka kewaye shi da if (interactive()). Shi kuma --as-cran yana tuntuɓar CRAN, babbar ma'ajiyar fakitocin R, ta intanet; in data ta yi rauni zai yi ta jira, sai ka sa _R_CHECK_CRAN_INCOMING_=false a farkon umarnin har ranar da za ka tura fakitin CRAN da gaske. Kada ka kunna bincike biyu a folda ɗaya, dukansu a foldar sakamako ɗaya mai ƙarewa da .Rcheck za su rubuta, su take wa juna sawu. Ba kowanne wurinsa da -o.

In ya gama, buɗe 00check.log da ke cikin foldar .Rcheck ka nemi ERROR, WARNING da NOTE. In tun wajen girkawa ya faɗi, dalilin yana cikin 00install.out, shi za ka turo mana nan mu duba tare.