Katin shawara ba a sayensa a tasha: amsoshi ga masu shirin fita aikin bishara

Wasiƙun da suka zo mini a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Ikilisiyoyi a nan Jos suna shirin tura ƙungiyoyi aikin bishara na mako biyu ko uku a ƙasashen maƙwabta, kowa kuma yana lissafin guzuri. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani har wanda bai rubuto ba.

Wani matashi daga Bukuru: "Baba, matasan ikilisiyarmu za su je Tamale a arewacin Ghana, ni kuma ba ni da fasfo. Wani ya ce in ba shi naira 160,000 ya fitar mini cikin kwana uku. In ba shi?"

Kada ka ba shi, ɗana. Tun daga 1 ga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000, kuma a shafin intanet na Hukumar Shige da Fice ake biya. Dubu sittin ɗin da ya ɗora a kai kuɗin me ne? Ko ta hannun wa ka bi, sai ka je da ƙafarka an ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Abin da ya fi maƙale fasfo shi ne suna ko ranar haihuwa da ke kan NIN su saɓa da abin da aka cike, to fara duba wannan yau ɗin nan. Ghana tana cikin ECOWAS, ba ka buƙatar biza har kwana 90. Masu tsohon fasfo a cikinku kuwa su buɗe su gani, ya kamata a ce da sauran wata shida kafin ya mutu.

Shugaban wata ƙungiya daga Tudun Wada: "Mu goma sha biyu ne. An haɗa mu da wani mutum da zai kawo mana katin shawara, wato katin shaidar allurar zazzaɓin shawara, na kowa da kowa, da hatimi, ba sai mun je allura ba. Wasu a cikinmu suna tsoron allura, wasu kuma sun ce Allah ne mai kiyayewa. Me ka gani?"

Na gani, kuma raina ya ɓaci. Malam, a hannunka aka danƙa ran mutum goma sha ɗaya, iyayensu da matansu za su raka su mota suna addu'a, amma abin da ya fara zuwa maka shi ne yadda za a yi ƙarya ta zo da araha. Za ku fita faɗa wa mutane gaskiya, takardar farko da za ku miƙa a bakin iyaka kuma ta jabu ce. Da wane baki?

Bari in faɗa maka abin da katin nan yake karewa, tunda na lura mutanenmu sun ɗauke shi kamar rasit ɗin tasha. Zazzaɓin shawara sauro ne ke kawo shi, irin mai cizo da rana, saboda haka gidan sauro kaɗai bai isa ba. Yana farawa da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon baya, mutum ya yi zaton maleriya ce ya sha magani, ya ma ji sauƙi kwana ɗaya. A wasu sai ya dawo da ƙarfi, ido ya yi rawaya, a shiga aman jini, ƙoda ta tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin waɗanda suka kai wannan matakin suna mutuwa cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, sai dai a yi ta jinya. Ba ciwon wata uwa duniya ba ne. A 2019 ya ɓarke a nan kusa da mu, a yankin Alkaleri ta Jihar Bauchi, wajen Yankari, aka yi asarar rayuka.

Allurar kuwa guda ɗaya ce tak. Tun 2016 doka ta duniya ta ce wanda ya yi sau ɗaya ya gama har abada, ba a sabunta ta bayan shekara goma kamar da. Sharaɗi ɗaya ne: sai ta kwana goma a jiki kafin katin ya fara aiki, don haka wanda ya yi allura ana gobe tafiya bai cika ƙa'ida ba. Tun 2019 kuma Najeriya ta koma sabon kati mai tambarin da ake haskawa da waya a ga sunan mai shi. Ana cike takarda a intanet, a biya ta Remita, a je ofishin Port Health, wato ofishin lafiya na masu shige da fice, irin wanda ke filin jirgin sama na Abuja, a yi allura a karɓi kati. To mutuminku mai hatimi a aljihu, a rajistar wa zai sa sunayenku? A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi a kan maganar katin nan, har sai da gwamnatocin biyu suka yi cacar baki. Ku kuma in aka gano ku a kan iyaka, ga kuɗin mota ya tafi, ga baikon da gwauraye suka haɗa muku ya tafi, ga sunan ikilisiya a bakin jami'ai.

Masu cewa Allah ne mai kiyayewa, gaskiyarsu, shi ne. Amma su tuna samarin nan uku 'yan mishan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da suka sauka Legas a ƙarshen 1893, waɗanda daga aikinsu ne ƙungiyar mishan ta SIM ta taso, daga baya ikilisiyar ECWA. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe biyu. Ba bangaskiya suka rasa ba. Ita kanta allurar shawara sai a 1937 aka samo ta. Abin da suka mutu ba su gani ba, ku an ajiye muku a firji kuna gudu. Bulus ma da likita yake yawo, Luka ke nan. Ka tara mutanenka ranar Lahadi bayan sujada, ka sa ranar da za ku tafi tare, kai ka fara miƙa hannu. Mai juna biyu, da wanda ya haura shekara sittin, da wanda ƙwai ke tayar masa da ƙaiƙayi ko kumburi, da mai ciwon da ya raunana garkuwar jiki, su gaya wa likita tukuna, shi zai yanke. In kuma tafiyar ta faɗo tsakanin hunturu da bazara, ku tambayi ta sanƙarau a zuwa ɗaya.

Wata uwa daga Zumuntar Mata, Anguwan Rukuba: "Shekaruna 57, ban taɓa fita ƙasar nan ba. An zaɓe ni cikin masu zuwa Maraɗi. Ina da hawan jini, ba na jin Faransanci, 'ya'yana sun ce in haƙura. Ina so in je amma ina jin tsoro, har barci yana gagara ta."

Mama, sannu. Tsoron nan ba rashin bangaskiya ba ne, 'ya'yanki ma ƙauna ce ta sa su magana. Maganar Faransanci ki cire ta daga ranki gaba ɗaya, Maraɗi garin Hausa ne, a kasuwa da majami'a Hausarki za ta kai ki ko'ina. Ina ma ganin matan can za su fi sakin jiki da ke a kan samarin da za su zo da lasifika.

Ga abin da za ki yi. Wata guda kafin tafiya ki je asibiti, ko Jankwano ko inda katinki yake, a gwada jinin, ki gaya wa likita inda za ki da tsawon zaman. In ya ce ki je, ki sayi maganinki ninki biyu na kwanakin, a kantin magani mai rajista, ki bar shi cikin kwalinsa da takardar likita. Kada ki juye shi a leda ko a ƙulle a bakin zane, jami'in kan iyaka ba zai gane farar ƙwaya marar suna ba. Rabi a jakar hannu, rabi a akwati. Abin da na fi jiye miki ma zafi ne. Mu mutanen Jos sanyi ya sangarta mu, in tafiyar ta kama Maris ko Afrilu zafin can yana haura digiri 40. Ruwan gora mai hatimi, gishiri da sukari na ORS, laima, tufafin auduga, kuma da tsakar rana ki zauna a inuwa ko wa ya ce me. Ki tafi da gidan sauronki.

Ki gaya wa shugabanku abu biyu daga bakina. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS tun 29 ga Janairu 2025, don haka kowa ya riƙe cikakken fasfo da wasiƙar gayyata daga ikilisiyar da za ta sauke ku, a kuma kira faston can saura mako guda a ji halin da iyaka take ciki. Na biyu, hanyar Katsina zuwa Jibiya ba a bin ta da dare, gara a kwana a Katsina a tashi da safe. In masu masaukinku suka ce a ɗaga tafiyar, a ɗaga, ba musu.

A kasuwa kuma ki yi hattara da lissafi, da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce. In mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Ki bar lambar faston can a hannun babban ɗanki, ki kwanta ki yi barcinki.

Wata budurwa daga Rayfield: "Mu goma sha biyar za mu Yamai. Muna so mu buga riguna da huluna masu sunan ikilisiya da aya a baya, 12,000 kowa, mu kuma sayi akwati mai taya iri ɗaya saboda hoto. Wane launi ya fi?"

Launi kike tambaya ta? 'Yata, biki za ku ko bishara? Ki ninka 12,000 sau goma sha biyar, naira 180,000 ke nan a kan anko, ba a ma zo kan akwatunan ba, waɗanda tayarsu za ta karye ranar farko a cikin rairayi. Ku miƙa kuɗin nan ga matar faston da za ta dafa muku abinci mako biyu, don na san ba ku sa ta a lissafi ba. Sannan ku sani a Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Kiristocin can tsiraru ne, sun san yadda suke zaune da maƙwabtansu, ku kuma bayan kwana goma sha huɗu za ku hau mota ku bar su da abin da kuka tayar. Ku sa irin shigar da matan ikilisiyar can suke sawa, zane da ɗankwali da mayafi. Hoton mutane ma a nemi izini, na yara a tambayi iyayensu, kuma kada wanda ya ɗora fuskar sabon tuba a Facebook. Shingen sojoji da gine-ginen gwamnati kuwa ko waya kada a ɗaga.

Wani dattijon ikilisiya daga Nasarawa Gwong: "Za mu kudancin Chadi. Mun tara kuɗi za mu sayi kwalayen magani a kasuwa mu raba a ƙauyuka, da dilar gwanjo daga Katako, da Littafi Mai Tsarki na Hausa. Akwai kuma ragowar sefa daga tafiyarmu ta Kwatano."

Ranka ya daɗe, niyyar mai kyau ce, amma maganin nan a bar shi. Araha ba ta ado, na kasuwa da ya sha rana a kan tire ba wanda ya san abin da ke cikinsa, kuma raba magani ba likita ba nas ba sadaka ba ce. In da ma'aikacin lafiya a cikinku, ya yi magana da asibitin da ke can su faɗi abin da suke so, a saya a kanti mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, na maleriya a kankare lambar da ke jikin kwali a tura a ga amsa. Tramadol da maganin tari mai kodin kada su shiga kayan kowa, ko na ciwon bayan wa ne.

Gwanjo, ku lissafa kuɗin mota da na kwastan, za ku ga ba da kuɗin a hannun fasto ya fi. Littafi Mai Tsarki kuwa ku tambaya kafin ku saya. A Moundou da kewaye Ngambay da Faransanci aka fi karantawa, na Hausa sai ku ɗauki kaɗan daga Challenge Bookshop don Hausawan kasuwa. Sefar Kwatano ku adana ta: Benin da Nijar da Togo kuɗinsu ɗaya, Chadi da Kamaru nasu daban. Darajarsu ɗaya ce a kan yuro amma ba a karɓar wannan a ƙasar wancan. Chadi ba ta cikin ECOWAS, a leƙa ofishin jakadancinta a Abuja a ji abin da suke nema.

Wani ɗalibi: "Wane power bank zan saya? Kuma wata maƙwabciyarmu ta ba ni ƙullin saƙo in kai wa ɗan'uwanta."

Mai 20,000mAh ya ishe ka, na kamfanin da aka sani, daga shago mai ba da rasit. Wanda aka rubuta 100,000 a jiki kuma ba shi da nauyi a hannu, ƙarya ce aka buga. In jirgi za ka hau, a jakar hannu ake sa shi, ba a akwati ba. Ka haɗa da adafta, ƙasashen renon Faransa soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba. Saƙon maƙwabciya kuma ta kwance shi a gabanka ka ga komai da idonka, kai ka sake ɗaurewa. In ta ce ba a buɗewa, mayar mata da kayanta.