An kori ƙanena daga soja, shin Ministan Tsaro zai iya mayar da shi?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ƙanena kofur ne a sojan ƙasa, shekararsa tara yana aiki. Ya karɓi fas na kwana bakwai ya zo Zariya jinyar mahaifinmu. Jiki ya yi tsanani, Allah Ya yi wa tsohon rasuwa, shi kuma bai koma ba sai da ya ƙara kwana goma sha ɗaya a kan fas ɗin. Yana komawa aka jefa shi gadurum, washegari aka shigar da shi gaban kwamandan bataliya, cikin 'yan mintoci aka ce an kore shi. Yau kwana 18 ke nan. Yana da mata da 'ya'ya uku. Wani ya ce yana da hanya a Ma'aikatar Tsaro, in muka ba shi naira dubu ɗari huɗu zai kai takardarmu har teburin Minista. Wasu kuma sun ce mu garzaya kotu. Wanne za mu bi?

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba ku haƙurin rashi. Ka riƙe kuɗinka. Kotun ma lokacinta bai yi ba tukuna. Abin da ke gabanku a makon nan takardar koke ce guda ɗaya, wadda ƙanenka zai sa wa hannu da kansa, kuma kwanakin da suka rage masa ba su wuce goma sha biyu ba.

Mai hanyar nan yana cin kasuwarsa ne a kan wani zato da yawancinmu muke da shi, wai Minista shi ne ogan sojoji, in ya ce a mayar da wane sai a mayar. Tsarin ba haka yake ba. Sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 shi ya kafa rundunonin nan uku, ta ƙasa da ta ruwa da ta sama. Sashe na 218 ya ɗora ikon sarrafa su a hannun Shugaban Ƙasa a matsayinsa na Babban Kwamandan Askarawa, kuma shi ke naɗa Babban Hafsan Tsaro da hafsoshin rundunonin uku. Umarni yana gangarowa ne ta wannan layin: daga Shugaban Ƙasa zuwa Babban Hafsan Tsaro, zuwa Babban Hafsan Sojan Ƙasa, zuwa kwamandojin manyan runduna irin ta 1 a Kaduna, ta 3 a Jos, ta 7 a Maiduguri da ta 8 a Sakkwato, daga nan birged, daga nan bataliya. Ladabtar da soja yana cikin wannan layin.

Ma'aikatar Tsaro, wadda ke ginin Ship House a Garki, Abuja, ofis ne na farar hula. Akwai Minista, akwai Babban Sakatare da daraktoci, aikinsu tsara manufofi, kasafin kuɗi, sayen kayan aiki da kula da hukumomin da ke ƙarƙashinta. Ba a ajiye fayil ɗin kofur a can. In wasiƙarku ta isa ma, mafi kyawun abin da zai same ta shi ne a rubuta mata 'yar takarda a tura ta hedikwatar soja, ita kuma ta tambayi rundunar da abin ya faru. Kafin a gama wannan zagayen, wa'adin da doka ta ba ƙanenka ya ƙare.

Kada in rage wa Minista matsayinsa. Dokar Rundunonin Soja, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 105 ta 1993 kuma take babi na A20 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta kafa Majalisar Sojan Ƙasa. Minista ne shugabanta, Babban Hafsan Tsaro da Babban Hafsan Sojan Ƙasa suna ciki, Babban Sakataren ma'aikatar shi ne magatakarda. Majalisar tana da hurumi a kan ladabtarwa da gudanarwa. Amma majalisa ce da ke zama a kan fayilolin da suka hau mata ta matakala. Takardar da aka cusa ta taga ba ta cikin abin da take dubawa.

Yanzu ga abin da aka yi wa ƙanenka. Soja na da hanyar shari'a iri biyu. Akwai kotun soja, mai shugaba da mambobi da lauyan da ke ba su shawara kan doka, wanda ake tuhuma yana da damar ɗaukar lauya, kuma in an tabbatar da hukunci ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli. Akwai kuma shari'ar gaggawa a ofishin kwamanda, wadda sojoji ke cewa an kai mutum oda. Ta biyun ce aka yi masa. Hafsa ko soja mai muƙamin warant, wato muƙamin da ke sama da na saje, doka ta ce sai an tambaye shi ko ya fi son a kai shi kotun soja. Kofur ba shi da wannan zaɓin. Sashe na 116 na Dokar Rundunonin Soja ya ba kwamandan bataliya ikon ɗaure soja a gadurum har kwana 28, da ikon korar kofur ko wanda ke ƙasa da shi a muƙami. Wato ta fuskar iko, kwamandan bai shiga gonar wani ba.

Sai in faɗa maka abin da ba zai yi daɗin ji ba. Wuce wa'adin fas ba tare da izini ba laifi ne a sashe na 59, kuma rasuwar uba ba ta goge shi kai tsaye. Duk lauyan da ya ce muku ƙanenka ba shi da laifi ko kaɗan, kuɗinku yake so. Ƙarfinku yana wurare biyu. Na farko, yadda aka yi shari'ar. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya ba kowa 'yancin a saurare shi da adalci, bai tsaya a ƙofar bariki ba. Ka zaunar da ƙanenka ka tambaye shi dalla-dalla. An ba shi takardar tuhuma a rubuce kafin a shigar da shi? An ba shi lokacin shiri, ko daga gadurum aka wuce da shi ofis? An tambaye shi ko ya amsa laifi? An bar shi ya yi bayani, ya kira shaida, ya nuna takardun asibiti? Wane laifi aka rubuta, rashin zuwa aiki ba izini ko gudu daga soja? Biyun sun sha bamban. Gudu yana sashe na 60, kuma ginshiƙinsa niyyar ƙin dawowa. Mutumin da ya kai kansa bariki da ƙafarsa yana da amsa mai ƙarfi a kan wannan.

Na biyu, nauyin hukuncin. Shekara tara a bakin aiki, in fayil ɗinsa ba shi da tabo, ga kuma dalili irin wannan, akwai hukunce-hukunce masu sauƙi da doka ta tanada, kamar rage muƙami ko tara ko kwanakin gadurum. A ganina nan ne ƙofar ta fi buɗewa, domin hafsan da ke duba koke ya fi samun sauƙin sassauta hukunci a kan ya rubuta cewa kwamanda ɗan'uwansa ya taka doka.

Sashe na 147 na Dokar Rundunonin Soja ya ba wanda aka hukunta ta shari'ar gaggawa damar neman a sake duba hukuncin, cikin wata ɗaya daga ranar da aka yanke shi. Lissafin kwana goma sha biyun da na yi maka daga nan ya fito. Koken zai tafi ga hukumar da ke sama da kwamandan, a nan kwamandan birged ɗinsu, ta hannun bataliyar. Ya sa lambarsa ta soja, muƙami, ranar fas, ranar komawa, ranar oda. Ya amsa cewa ya makara, ya faɗi dalili ba tare da zagi ko zargin kowa ba, sannan ya bayyana abin da yake nema: a soke korar, ko a musanya ta da hukunci mai sauƙi. A haɗa da kwafin fas, katin asibiti, shaidar rasuwa, da wasiƙar mai unguwa ko limamin da ya sallaci gawar. In ya kira sajensa ko ya tura saƙo yana neman ƙarin kwanaki, a ɗauki hoton saƙon da lambar da ranar a buga a takarda. Wannan ɗan saƙon na iya fin sauran takardun duka amfani.

Ku yi kwafi uku. A buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya. In an ƙi karɓa a ƙofa, wanda yakan faru da wanda aka riga aka karɓe wa katin shaida, ku aika ta kamfanin kai saƙo ku adana rasit, ku kuma tura kwafi hedikwatar birged.

In amsa ba ta zo ba, ko ta zo ba daɗi, sashe na 179 ya buɗe hanyar koke ga ƙananan sojoji zuwa manyan hafsoshi, shi ma da wa'adin wata uku. Haka za a bi har ofishin Babban Hafsan Sojan Ƙasa. Wannan sashen ne ya sa na ce kotu ba yanzu ba, domin ya wajabta wa soja ya ƙure hanyoyin cikin gida kafin ya nemi wata. Lauyoyin soja sun san shi kamar yunwar cikinsu, shi suke fara ɗagawa, kuma an sha korar ƙararraki a kansa ba tare da alƙali ya ko leƙa gundarin maganar ba.

Bin matakala ba aikin banza ba ne. A 2015 rundunar ta sake duba shari'o'in dubban sojojin da aka kora a yaƙin Arewa maso Gabas, ta mayar da 3,032 bakin aiki. A Disambar shekarar kuma aka sassauta hukuncin kisa da kotunan soja suka yanke wa sojoji 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Lauyoyi sun yi ta matsa lamba daga waje, amma sassaucin daga cikin tsarin soja ya fito.

In duk an bi ba a dace ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba hurumin rigingimun aiki, kuma tana zama a Kaduna da Kano. Waɗanda za a yi ƙara su ne Rundunar Sojan Ƙasa da Babban Hafsanta da Majalisar Sojan Ƙasa. Akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku. Hukunce-hukuncen manyan kotuna ba su tafi a layi ɗaya ba kan ko tana aiki a shari'ar kora, saboda haka kada ku gwada sa'a, ku shigar da ƙara cikin wata uku daga amsar ƙarshe. In kuwa an yi shiru, lauyanku ya rubuta tunatarwa mai wa'adi, kada ku zauna jira shekara.

Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ba za ta iya taimaka muku ba, dokarta ta hana ta taɓa abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin Dokar Rundunonin Soja. Ka kuma ja wa ƙanenka kunne kada ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook ko TikTok yana kuka da shugabanninsa. Rundunar na hukunta wannan, kuma hafsan da zai karanta kokensa zai riga ganin bidiyon.

Maganar fansho da garatuti ita ma ta rataya a kan koken nan, domin kora takan tafi da haƙƙoƙin ƙarshen aiki, Hukumar Fanshon Soja kuwa tana biya ne bisa takardar sallamar da rundunar ta bayar. Don haka a sa roƙo na uku a ƙarshen takardar: in ba za a mayar da shi ba, a mayar da korar ta zama sallama ta yau da kullum. Ku nemi lauyan da ya taɓa tsayawa a kotun soja ya duba takardar kafin a sa hannu. In hali bai kai ba, ku je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da ke Kaduna, ku tafi da takardun duka a ranar farko.