Shin itacen pekan zai yi a gonar Sakkwato?

Malam, ka tambaya ko za ka iya dasa pekan, wato wani itace da ake cin ƙwayar 'ya'yansa kamar gyaɗa, a gonarka ta kusa da Gulbin Rima, da kuma yadda za ka gyara ƙasar. Gaskiya ba zan ba ka shawarar zuba jarinka a kansa ba. Asalin itacen daga kudancin ƙasar Amurka da arewacin Meziko yake, kuma yana buƙatar sanyin hunturu mai tsawo kafin ya yi fure yadda ya kamata, abin da sanyinmu na Disamba da Janairu ba ya kaiwa. Shi ya sa a nahiyarmu aka fi noma shi a Afirka ta Kudu.

Amma dabarun masu noma shi suna da amfani a gare mu. Suna shuka tsirrai dangin wake a tsakanin layukan itatuwa domin su ƙara wa ƙasa taki, kai ma za ka iya yin haka da wake ko gyaɗa a tsakanin mangwaro ko dabino. Ka lulluɓe gindin kowane dashe da karan gero da takin shanu da ya ruɓe sosai, domin jigawarmu ba ta riƙe laima. Idan akwai gawo a gonar, don Allah kada ka sare shi, domin yana zubar da ganyensa da damina, ya ciyar da ƙasa ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba.